Bin Diddigin Asalin Zuriyar Baƙi a Birnin Katsina: Laƙabi, Unguwa da Taskar Tarihi

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi hanyoyin da mai nazari zai bi wajen gano kakannin iyalan da suka shigo Katsina daga wasu ƙasashe. Ta nuna cewa asalin da iyali ke ambata matashiya ce kawai, ba ya zama hujja sai an gwada shi da wasu shaidu.

1.0 Gabatarwa

A Ingila an wajabta wa majami'u rubuta baftisma da aure da jana'iza tun 1538, a Amurka kuma ana ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1790. Mai neman kakansa a can yakan fara ne da takarda. A Katsina kuwa, tarihin zuriya yana bakin dattawa da sunayen unguwanni da littattafan malamai. Yayin da iyalai ke barin cikin ganuwa suna komawa GRA da sababbin unguwanni, jikoki na tasowa nesa da tsofaffin da ke riƙe da wannan sani. Ga shi kuma batun asali na tasowa a rabon gado da neman sarauta da takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma.

2.0 Laƙabin Asali

Malaman da suka yi rubutu da Larabci sukan jingina sunansu ga ƙasa ko ƙabila. Wali Ɗan Masani (1595-1667) ana kiran sa al-Barnawi al-Kashinawi, alhali a Katsina aka haife shi. Laƙabin farko yana nuna tushen gidansu a Barno, na biyu kuma mahaifarsa. Shi ma Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya haɗa ƙabila da gari a sunansa. Saboda haka idan iyali suka ce su Barebari ne, tambayar da ta dace ita ce: wane kaka ne ya yi ƙaurar, kuma a zamanin wane sarki?

Lovejoy (1980) ya nuna cewa a wajen fataken goro irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, asali ya kasance igiyar da ke ɗaure amana da auratayya a kasuwanci. Ke nan mutum na iya shiga wani asali ta hanyar aure ko barantaka, ba ta jini kaɗai ba.

3.0 Sunayen Unguwanni

Heinrich Barth, wanda ya ziyarci Katsina a 1851, ya rubuta jerin sunayen unguwannin birnin. Usman (1981) kuma ya bayyana yadda shigowar fatake da malamai ta gina Katsina. Sai dai ba kowane suna ne ke nuna asali ba. Masanawa na komawa ga gidan Ɗan Masani, Yarinci ga sarautar Yari, Marina kuwa sunan sana'a ne. Zama a unguwa bai isa ya tabbatar da dangantaka da wanda ya kafa ta ba, domin almajirai da barori da masu sayen gida duk sukan ɗauki sunanta. Ya kamata a tambayi mai unguwa da limami yadda gidan ya shigo hannun iyalin: gado ne, ko saye, ko kyautar sarki.

4.0 Daidaita Lokaci

Dattawa ba su cika ambaton shekara ba, sukan ce "zamanin wane". Akwai turaku da za a ɗaure irin wannan bayani a kansu: kama birnin da Ummarun Dallaje ya yi a 1807, wanda ya sa gidan sarautar Haɓe da mabiyansu suka nufi arewa har suka kafu a Maraɗi, zuwan Turawa a 1903, da naɗin Muhammadu Dikko a 1906. Wanda zaren zuriyarsa ya yanke a farkon ƙarni na 19 ya nemi ƙarshensa a Maraɗi ko Tasawa.

5.0 Takardun Zamanin Turawa

Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna na ɗauke da rahotannin ƙiyasin haraji da bayanan gundumomi. A lura cewa Katsina na ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, sannan Lardin Zariya, kafin ta zama lardi mai zaman kansa a 1934. Wanda ya tsaya ga fayilolin Lardin Katsina kaɗai zai iya tsallake na shekarun farko. Waɗannan rahotanni sun fi kula da masu sarauta da magidanta masu biyan haraji, don haka sunayen mata da bayi kan ɓace. Dole a cike giɓin da hira da tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe dangin uwa.

6.0 Kammalawa

Bayanin asali na samun ƙarfi ne idan shaidu biyu da ba su jingina da juna ba suka haɗu a kansa. Inda bincike ya kai ga tushen bauta, wajibi ne a nemi yardar iyali kafin wallafawa. Aikin da ya fi gaggawa shi ne naɗar muryoyin dattawan cikin birni tun suna raye.