Nasiha ga Iyayen 'Yan Ƙwallon Jami'a a Amurka Kafin Tsakiyar Janairu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda 'ya'yanmu da aka haifa ko aka goya a Amurka suke ƙara yawa a cikin ƙwallon ƙasar, wadda ake sa kwalkwali ana ture-ture, alhali kuwa iyayensu, waɗanda su ne ake zuwa wa a ce su sa albarka, galibinsu ba su san ko sharaɗi ɗaya daga cikin sharuɗɗan wannan mu'amala ba. Aikina shi ne kula da karatun ɗalibai 'yan wasa a wata jami'a, kuma duk shekara in Disamba ta kama, tambaya ɗaya ce take ta shigowa ofishina: in tafi gasar ƙwararru ta NFL bana, ko in zauna in cika shekara ta huɗu? Na saba da ita, amma abin da ya auku ga wani yaro ɗan gidan mutanenmu ya ɓata mini rai ɓacin da na kasa haɗiyewa.

Yaron nan maraya ne, mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, mahaifiyarsa kuwa aikin kula da tsofaffi take yi da dare, ƙanenta kuma shi ne waliyyin yaron a duk wata shawara. A layin tsaro na baya yake wasa, kuma a shekararsa ta uku Allah ya ba shi sa'a ya cafke wata ƙwallo a wasan da aka nuna wa ƙasa duka a talabijin, daga ranar nan wayarsa ba ta sake hutawa ba. Ilimin akanta yake karantawa, zango biyu kacal suka rage masa, makinsa kuma ba abin kunya. Da muka aika sunansa ga kwamitin shawara na NFL, wanda tun 1994 yake ba ɗalibai irinsa fatawa, kuma wanda a yanzu amsarsa ba ta wuce ɗaya daga cikin uku, ko za a ɗauke ka a zagaye na farko na zaɓen sababbin 'yan wasa, ko na biyu, ko ka zauna a makaranta, sai amsa ta dawo da ta ukun. Na ga takardar da idona, na karanta masa ita, ya naɗe ta gida huɗu ya sa a aljihun baya.

Ashe tun Oktoba akwai wani mutum da yake tsayawa a wurin ajiye motoci bayan kowane wasa. Ba ejan ba ne mai lasisin ƙungiyar 'yan wasa, ɗan kamasho ne da yake farauto wa ejan yara. Da ya bincika ya gane gidan Musulmi ne, sai ya je da kwalin dabino da turare, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa ya kira uwar yaron Mama, ya kuma shaida musu cewa ya yi magana da manyan mutane a kulob-kulob, zagaye na uku ne, in an yi rashin sa'a na huɗu. Kawun ya zo ofishina da fara'arsa ya ce, "Malam, kai namu ne, murna ya kamata ka taya mu, Allah ya kawo rabo." Na ce, "Alhaji, shi wannan da ya ce zagaye na uku, shi ne zai yi zaɓen? Ka ce ya rubuta ya sa hannu cewa in ba a zaɓi yaron ba zai biya masa kuɗin zangon nan biyu." Ya yi dariya ya ce, "Malam, rabon kwaɗo ba ya hawa sama." Na ce masa haƙiƙa haka ne, amma tawakkali bai taɓa kore riƙo da sababi ba, kuma ga sababi a rubuce a aljihun yaro. Shi kuwa yaron, da muka kaɗaita, abin da ya iya ce mini kawai shi ne, "Malam, Umma ta gaji."

Ya miƙa sunansa a tsakiyar Janairu, kwana ukun da ake bayarwa na janyewa suka wuce bai janye ba, aka kai shi wani sansanin motsa jiki a kudu, aka kama masa ɗaki, aka ba shi motar haya da kuɗin kashewa duk wata. Ba a gayyace shi gwajin da NFL take yi a Indiyanafolis ba, wanda wannan kaɗai ya isa ishara ga mai hankali. A ranar gwaji ta jami'armu, yana cikin gudun yadi 40 na biyu, jijiyar bayan cinyarsa ta ɗaure, na ga masu agogo suna rufe littattafansu tun bai ƙarasa ɗingisawa zuwa gefen fili ba. A ƙarshen Afrilu gida ya cika da baƙi, an yi girki, aka kwana uku gaban talabijin har zagaye na bakwai ya ƙare, ba a kira sunansa ba. Wani kulob ya ɗauke shi a cikin waɗanda ba a zaɓa ba, da ɗan kuɗin sa hannu da bai kai na zango ɗaya ba, ya sallame shi a ƙarshen Agusta. Daga nan ɗan kamashon ya daina ɗaga waya, sai wasiƙa ta zo daga ofishin ejan tana lissafa kuɗin kashewa da na mota, wai bashi ne, kuma lalle haka takardar da ya sa wa hannu ta ce. Yanzu yana lodin kaya a wani sito da dare, ba digiri, ba tallafin karatu, ga bashi, uwar da ta gaji kuwa ta ƙara awoyin aiki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne babu ko ɗaya a cikin wannan da yake ɓoyayye. Kulob 32 ne, zagaye bakwai ne, waɗanda ake zaɓa a shekara ba su wuce 250 da 'yan kai ba, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da kanta kuma ta daɗe tana faɗin cewa waɗanda suke samun shiga daga cikin 'yan wasan jami'a ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba. A 2014 ɗalibai 98 aka ba izinin fita kafin lokacinsu, 36 daga cikinsu ba a zaɓe su ba. Kulob yakan tara mutum 90 a sansani, ya rage su zuwa 53 kafin a fara kaka. Shi kuwa albashin nan na dala 795,000 da aka yi ta kaɗa wa iyaye a 2024 a matsayin mafi ƙanƙanta ga sabon shiga, mako-mako ake biyansa, kuma sai in kana cikin jerin, ranar da aka sallame ka ranar ya yanke. Wanda duk ya zo gidanka ya ambaci adadin nan bai ambaci sharaɗinsa ba, ha'inci ya zo yi.

Sannan ƙofar nan ba ta buɗuwa ta baya, kuma wannan shi ne abin da iyaye suka fi jahilta, domin suna ƙiyasi da ƙwallon kwando, inda yaro yake iya miƙa suna, ya ji ra'ayin kulob-kulob, ya janye kafin wa'adi ya koma makaranta. A nan kwana uku ne, in sun wuce shi ke nan. Ko a 2004, lokacin da wata kotun tarayya ta ba Maurice Clarett na jami'ar Ohio State gaskiya a kan ƙa'idar shekara uku bayan sakandare, Mike Williams na USC ya dogara da hukuncin ya ɗauki ejan, sai kotun ɗaukaka ƙara, a hukuncin da Sonia Sotomayor ta rubuta, ta rushe na farkon, NCAA kuma ta ƙi mayar da shi, ya zauna shekara guda cur ba jami'a ba NFL. To, wannan fitaccen ɗan wasa ne wanda daga baya aka zaɓa na goma a 2005, ina ga ɗan wani da ba a san shi ba?

Dalilin da ya sa dillalan nan suke matsa wa yara ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san lissafinsu. Tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da ƙungiyar 'yan wasa aka ƙayyade kuɗin sabon shiga: Sam Bradford, wanda aka zaɓa na farko a 2010, ya sami kwantiragin dala miliyan 78, Cam Newton da ya biyo shi bayan shekara ɗaya ya sami na miliyan 22, saboda haka dukiyar ta koma kwantiragi na biyu, hujjarsu kuwa ita ce a fita da wuri domin a kai gare shi da ƙuruciya. Hujja ce mai ƙarfi ga wanda zai kai ɗin, sai dai ƙungiyar 'yan wasan da kanta tana cewa matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da ɗoriya, kwantiragin farko kuwa na shekara huɗu ne. Ladan ejan ba ya wuce kashi uku cikin ɗari, saboda haka maslaharsa ita ce ya tara yara da yawa, in ɗaya ya fashe ya mayar da kuɗinsa da riba, sauran kuwa ba shi zai ciyar da su ba. Akwai ejan-ejan masu amana da suke ce wa yaro ya koma aji, na yi mu'amala da su, amma ban taɓa ganin irinsu suna tsayuwa a wurin ajiye motoci ba.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa zaman ma yana da nasa haɗari, kuma wanda ya ce wa kowane yaro ya zauna shi ma bai yi nasiha ba. Matt Barkley ya koma USC a 2012 alhali ana sa ran zaɓensa a sahun gaba, ya ji rauni a kafaɗa, ya faɗo zagaye na huɗu. Jake Butt na Michigan ya koma shekara ta huɗu, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasansa na ƙarshe a Disamba 2016, ya faɗo zagaye na biyar. Amma kuma Andrew Luck ya zauna ya gama karatunsa a Stanford, aka zaɓe shi na farko a 2012. Masu ɗaukar ƙwallo su kutsa, waɗanda jikinsu yake saurin ƙarewa, hukuncinsu ya bambanta da na masu jifa. Kuma akwai kociyoyi marasa tsoron Allah da suke riƙe yaro don nasarar kansu suna kiranta nasiha, su ma ban yafe musu ba.

Ga abin da nake faɗa wa kowa. In kwamiti ya ce zagaye na farko, tafi. In ya ce na biyu, zauna da waɗanda ba su da kamasho a kanka ku auna. In ya ce zauna, zauna. Maganar wanda ba shi ne zai yi zaɓen ba zato ce, ba a sayar da yaƙini da zato.

Uzurin talauci ma, wanda shi ne mafi ƙarfi a da, ya yi rauni. Tun ran 1 ga Yuli 2021 ɗalibi yana da ikon cin kuɗin sunansa da hotonsa, kuma bayan sulhun da kotu ta amince da shi a Yuni 2025 jami'a ta sami damar raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, har ya zama wasu suna samu a makaranta abin da ya fi na wanda aka zaɓa a zagayen ƙarshe, shi ya sa masu fita da wuri suka ragu ƙwarai. Amma ga sababbin miyagu sun ɓullo ta nan ɗin, masu kiran kansu ejan na talla, ba lasisi, ba ƙa'idar lada, wasu ma suna rubuta wa kansu kaso daga abin da yaro zai samu nan gaba a NFL. Kada a sa hannu a kan kowace takarda sai lauyan da ba ejan ne ya kawo shi ba ya karanta ta. Duk kuɗin da aka ba ku kafin zaɓe, ku ɗauka bashi ne har sai kun ga an rubuta akasin haka. Ku nemi sunan ejan a jerin ƙungiyar 'yan wasa, ba ya cin minti biyar. Wanda zai zauna ya tambayi jami'a batun inshorar rauni tun kafin kaka ta fara. Haraji ma yana nan, jiha-jiha. Fansho kuwa sai an cika kaka uku. Na kuma sake faɗa, kuɗin kafin zaɓe bashi ne, ko da dabino da turare aka kawo shi.

Kawunai da baffanni kuma, waɗanda ba su taɓa zuwa kallon atisaye ko sau ɗaya ba, ba su san sunan malamin yaro ko ɗaya ba, amma ranar shawara su ne a kan gaba da ƙarfin murya, ina roƙonsu su ji tsoron Allah a kan amanar marayu. Wanda kuma ya riga ya yanke shawarar tafiya, to ya zo ofis ya janye daga darussan zango na biyu a rubuce kafin ya hau jirgi, domin wanda ya ɓace kawai ba sallama, faɗuwa ake rubuta masa a kowane darasi, makinsa ya zube, kuma jami'o'in da suke da tsarin biya wa tsofaffin 'yan wasansu su dawo su ƙarasa digiri, galibi abin da suke fara dubawa shi ne ko mutum ya bar makaranta da lafiyayyen maki kuma ba a binsa ko dala ɗaya a ofishin kuɗi.