Filin Gwaggo: Dunƙulen dabinon yara ya yi tsami

  Gwaggo, ni mai bibiyar filinki ce daga Kachalla Sembe a nan Jalingo. 'Ya'yana uku: babbar tana aji 4 a firamare, mai bi mata shekararsa 6, ƙaramin kuma watansa 10. Kullum da safe sai na ba manyan kuɗin tara, kuma a alawa da biskit da lemon leda yake ƙarewa. Ga shi mai shekara 6 ɗin ya fara kuka da haƙori, da aka duba aka ce kogo ne ya fara.

Kwanaki na ga wata mata a waya tana dunƙula busassun 'ya'yan itace ta ba 'ya'yanta, babu gashi babu suya. Zabibi da sauran kayan da ta zuba sun fi ƙarfina, sai na je babbar kasuwa na sayo dabino da gyaɗa. Dabinon ya bushe ƙamas, don haka na jiƙa shi ya kwana, na markaɗa da gyaɗar. Da ƙyar ya dunƙulu. Na zuba a roba na rufe, amma kafin mako ya ƙare ya yi tsami, wani fari-fari ya fito a kansa, dole na zubar. Firij ɗinmu kuwa ba abin dogaro ba ne, kin san halin wuta.

Surukata ta ce wahalar banza nake yi, wai dabino ma ai sukari ne. Maƙwabciyata kuma ta ce in ƙara zuma ya fi kamawa, har in riƙa lasa wa ƙaramin. Gwaggo, in ci gaba ko in haƙura? In kuma zan ci gaba, yaya zan yi ya zauna?

Maman Ummi, Kachalla Sembe, Jalingo

'Yata, Allah ya raya miki su, ya ba yaron lafiya. Kada ki haƙura, niyyarki mai kyau ce, kuma gyaran ba mai yawa ba ne.

Ruwan da kika jiƙa dabinon da shi, shi ne ya ɓata miki aiki. Dabino yana wata da watanni a buhu, a ɗauko shi tun daga Agadas ya iso Jalingo lafiya lau, saboda ruwan jikinsa kaɗan ne, zaƙinsa kuma mai yawa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa samun wurin zama. Da kika bar shi ya kwana a ruwa, kin mayar masa da abin da rana ta cire. Kika haɗa da gyaɗa, kika rufe a roba a cikin zafin garinku, to tsami da furfura dole ne. Kin kyauta da kika zubar. Abin da furfura ta kama, ba a kankare samansa a ba yaro sauran.

Ki tuna da dakuwa. Iyayenmu sun daɗe suna dunƙula aya da gyaɗa ba tare da ɗigon ruwa ba, man gyaɗar ne yake riƙe ta. Abin da kika gani a waya ɗan'uwan dakuwa ne, sai dai dabino ya maye gurbin sukari. Saboda haka ki manta da zabibi, kayanki suna nan kusa. Taraba ƙasar riɗi da gyaɗa ce, ba sai kin nemi na wata ƙasa ba.

Ki tsaga kowane dabino biyu, ki cire ƙwallon, ki leƙa cikinsa, domin busasshen dabino yakan ɓoye ƙwari da ɗan baƙin gari. Ki ɗauraye shi sama-sama don ƙurar kasuwa, ki tsane. Idan mai laushi ne, shi ke nan. Idan irin mai taurin nan ne, ki turara shi a madambaci kamar minti 10, ki baza a faranti har tururin ya fita ya sha iska. Zai yi laushin da turmi zai iya da shi, amma bai sha ruwa ba. Ga kofi 2 na dabino, ki tanadi kofi 1 na gyaɗa da rabin kofi na riɗi. Na san an ce babu suya, amma gyaɗa da riɗi kam sai sun ga kasko: suya ce take fitar da ƙamshinsu, ta kore danshi. Ki murje ɓawon gyaɗar, ki fara daka ta ita kaɗai har ta soma naso da mai. Sannan ki riƙa jefa dabinon kaɗan-kaɗan kina kirɓawa. In kin matsa a tafin hannu ya tsaya bai warware ba, ya yi. In ya ƙi kamawa, ki ƙara cokali ɗaya na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, kada hannunki ya kai ga ruwa. In ya yi danƙo da yawa, ki barbaɗa garin soyayyar aya da kika tankaɗe. Ki mulmula ƙanana, ki gangara su a cikin riɗi don kada su manne da juna. Turmin ya zama busasshe, ba wanda aka gama dakan daddawa a ciki ba, hannunki ma wankakke kuma a bushe.

Masu son kwakwa su sani ɗanyarta tana da ruwa sosai, sai an goge ta an soya sama-sama ta bushe. Ni na fi son a zuba ɗan garin 'ya'yan kuka, wanda ake kira kwalba. Ɗan tsaminsa yana karya zaƙin dabino, kuma yana da bitamin C, wanda ke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe da ke cikin riɗi da gyaɗa. Garin magarya ma yana shiga.

A kan gyaɗa zan ɗan ja hankalinki, don abin yana damuna. Gyaɗar da aka adana da danshi takan kamu da wata furfura mai fitar da dafi da ake kira aflatoksin. Dafin yana lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe shi. Har cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe don manoma su rage shi tun daga gona. Ke naki aikin shi ne tsinta. Ki baza gyaɗar a faifai da rana tsaka, ki fitar da duk wadda ta yamushe, ta yi baƙi ko kore-kore, ko ƙwaro ya huda. Wadda ta yi ɗaci a baki, a tofar. Kada arha ta sa ki sayi ɓarzajjiyar gyaɗar da ba ki ga ƙwayarta ba.

Surukarki kuwa, ki ba ta girmanta, don ta faɗi rabin gaskiya. Kusan kashi biyu cikin uku na nauyin dabino sukari ne, kuma yana maƙalewa a haƙori. Inda ya fi alawa shi ne yana tafe da harza mai gyara ciki, ga gyaɗa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata abinci ne mai gina jiki, yaro ya ci ya ƙoshi har a tashi daga makaranta. Alawa kuwa zaƙi ne kawai. To amma ba a cika wa yaro aljihu da shi ya wuni yana tsakura, domin haƙori ya fi cutuwa da yawan maimaita zaƙi. Guda biyu sun isa, ya ci lokaci ɗaya, ya kurkure baki da ruwa. Safe da dare a goge haƙora da man goge baki mai fuloraid. Kogon da ya riga ya fara kuma, canjin abinci ba zai cike shi ba, ki mayar da yaron wurin likitan haƙori tun bai kai ga cirewa ba.

Shawarar maƙwabciyarki ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. Ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, ko da lasa ce. Takan ɗauko wata ƙwayar cuta da cikin babba yake iya murƙushewa, na jariri kuwa bai kai ba, sai ta saki dafin da ke sanyaya masa jiki har numfashi ya gagara. Ga manyan ma ba ki buƙatarta. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015, zuma tana cikin sukarin da aka ce kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana. Dunƙulen kansa ma ba na ɗan wata 10 ba ne, abu mai danƙo yana iya toshe masa maƙogwaro. Shi ki dama masa gyaɗar da ta niƙu lilis a cikin kununsa, ki fara da kaɗan. Idan kika ga ƙuraje sun feso, leɓe ko ido ya kumbura, ko ya fara amai ko numfashi da ƙyar, ki garzaya asibiti nan take. Ki gargaɗi yayyensa kada su ɓantaro masa nasu.

Wajen ajiya, ki nemi kwalba ko roba mai murfi, busasshiya, ki sa a inuwa. Da hunturu zai iya yin mako. Da damina, lokacin da iskar Jalingo ke cike da danshi, ki yi na kwana 3 kawai, in ya ƙare ki sake. Idan Maris da Afrilu suka zo mangwaro ya cika gari, ki yanka shi siri-siri, ki shanya a kan tire mai tsabta, ki lulluɓe da raga saboda ƙuda, ki riƙa shigar da shi da yamma. Ya bushe ke nan idan ya lanƙwasu bai fitar da ruwa ba. Ki yayyanka shi ƙanana ki kirɓa tare da dabinon, zai rage miki yawan dabinon da za ki saya. Ki gaishe mini da surukar taki, kuma kashin farko da kika yi, ki fara kai mata ta ɗanɗana.

Gwaggo