Juyawa Kai Ƙasa a Sandar Rawa Ta Gagare Ni

Tambaya: Anti, ina koyon rawar sandar ƙarfe a gidan motsa jiki a Landan. Juyawa kai ƙasa ta gagare ni, har na fara karaya.

Amsa: Ƙanwata, kwantar da hankalinki, wannan juyi ƙarfin ciki da kafaɗa yake nema, kuma sannu a hankali suke samuwa. Ki kwanta rigingine a gindin sandar, ki riƙe ta, ki dinga jawo gwiwoyinki zuwa ƙirji har ƙugunki ya bar ƙasa. Kada ki yi tsalle ki wurga ƙafa sama, nan ake jin ciwo a haƙarƙari. Ranar atisaye ki haƙura da man shafawa, santsi zai kayar da ke. Ki shimfiɗa katifa, malamarki na tsaye kusa. In kafaɗa ta fara suka, ki dakata ki ga likita.