DARASI: ABIN DA BINCIKEN ZARIYA YA KOYA MANA GAME DA HAIHUWA

'Yan'uwa manoma, jami'a ba wurin koyar da likitoci da ungozomomi kaɗai ba ne. A can ne kuma ake binciken abin da ke kashe matanmu da jariranmu.

Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun rubuta bayanin haihuwa 22,774 ɗaya bayan ɗaya. Aka buga sakamakon a 1985. Ga abin da suka gano:

1. Yawancin matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awon ciki ba. Sai da naƙuda ta gagara a gida aka kawo su, sun riga sun galabaita.

2. Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama girma ba tana cikin haɗarin doguwar naƙuda. Kan jariri ya maƙale, ya danne mafitsara, daga nan sai yoyon fitsari.

3. Ƙananan 'yan mata masu ciki da aka ba maganin ƙarin jini da na zazzaɓin cizon sauro sun ci gaba da girma, har tsawonsu ya ƙaru kafin su haihu.

4. Matan da suka yi makaranta sun fi tsira, su da jariransu.

Wasu likitocin Zariya kuma sun nuna yadda yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta ke jawo wa mai jego kumburi da ciwon zuciya.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Manomi ba ya jiran ruwan shuka kafin ya nemi iri. Haka haihuwa take. Bayan girbi, ku ware buhu ɗaya ko biyu domin kuɗin mota da na asibiti. Ku shirya da mai mota tun kafin ranar. Maigida ya ba da izini tun yanzu, kada a jira dawowarsa daga gona ko kasuwa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Idan naƙuda ta kama matar ɗayanmu cikin dare da damina, wa zai kai ta, da me?
2. Mata nawa ne masu ciki a ƙauyenmu ba su fara awo ba? Me ya hana su?