Kada a ɗaure fis ɗin foklif da waya

Tsofaffin foklif masu aiki da batir da ake kira na in duba a Sharaɗa da Bompai, yawancinsu labarin ɗaya ne. An canja batir ko an gyara soketinsa, jar waya ta hau gurbin baƙa, aka ga tartsatsi, fis ya ƙone, mota ta yi tsit. Wani lokacin sifana ce ta faɗa ta haɗa kawunan batir.

Roƙona ga 'yan'uwa masu gyara da direbobi shi ne, don Allah kada a ɗaure fis da waya. Fis ɗin nan ya ƙone ne don kwantirola ta tsira. In aka ɗaure shi alhali cutar na nan, wutar za ta zarce kanta, kuma tsohuwar kwantirola irin EV-100 ta kamfanin GE samunta yanzu sai an sha wuya.

A zare soket tukuna, a ɗaga tayoyin da ke jan motar su bar ƙasa, domin tana iya zabura. A auna batir: mai bolt 48 gida 24 gare shi, kowane gida bolt 2. A sake aunawa lokacin da ake ɗaga kaya, saboda mataccen gida yakan nuna lafiya in babu nauyi. Sai a duba ƙaramin fis na makulli, sai 'yan diyod ɗin da ke kan kwantakta, waɗanda juyin waya kan kashe nan take.

Wurin da aka fi mantawa shi ne jikin motar. Foklif mai batir ba kamar motar hawa ba ce, ba a ɗaura baƙar wayarta a jikin ƙarfe. Idan ruwan batir ya zube ya haɗu da ƙura, sai ya zama hanyar da wuta ke bi ta shiga ƙarfen. Nan za ka ga mota yau ta tashi, gobe ta ƙi, ana ta canja kayan da lafiyarsu ƙalau. Ka sa mita tsakanin kowane kan batir da ƙarfen motar. In wuta ta nuna, a fito da batirin a wanke samansa da ruwan bekin soda, murafen gidajen a rufe gam don kada ya shiga ciki, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.