Dalilin Ƙayyade Shekarun Masu Kallon Fina-finai

Duk wanda ya lura da farkon fim zai ga wata alama kamar PG ko 12 ko 18. Alamar tana nuna shekarun da ya kamata mutum ya kai kafin ya kalli fim ɗin. Cikin abubuwan da ake dubawa kafin a sanya ta akwai yawan duka da kisa da zubar da jini, da kuma yadda aka nuna su. Tsarin yana da madogara a binciken masana halayyar ɗan Adam.

A shekarar 1961, Albert Bandura na Jami'ar Stanford a Amurka ya yi wani gwaji da yara 72, 'yan shekara uku zuwa shida. An bar wasunsu suka kalli wani babba yana dukan wata 'yar tsana ta roba da aka hura wa iska, irin wadda in an buge ta sai ta faɗi ta sake miƙewa. Da aka shigar da yaran ɗakin da 'yar tsanar take, waɗanda suka ga dukan sun fi sauran kai mata hari, har suna kwaikwayon irin dukan da suka gani. A 1963 aka maimaita gwajin da majigi, sai aka tarar cewa dukan da aka gani a fim ma yana sa yara kwaikwayo.

Gwajin 1965 ya ƙara haske. An nuna wa yara fim ɗaya mai ƙarshe iri uku: a ɗaya an ba mai dukan lada, a ɗaya an hukunta shi, a na ukun ba a yi masa komai ba. Yaran da suka ga hukunci sun fi kame hannunsu, wato gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Amma da aka yi wa yaran alkawarin kyauta in sun nuna abin da suka gani, sai bambancin ya kusan ɓacewa. Ashe duka sun koya, tsoron hukunci ne ya hana wasu aikatawa. Saboda irin wannan ne masu tace fim suke duba ko an ƙawata ta'addanci, ko kuwa an nuna mugun sakamakonsa.

Ban da kwaikwayo, akwai firgita, domin ƙaramin yaro bai gama rarrabe gaskiya da wasa ba. Akwai kuma raguwar tausayi ga wanda ya saba ganin jini. Sai dai masana ba su ce fim shi kaɗai ke mai da yaro mai laifi ba. Tarbiyyar gida da abokai da yanayin unguwa duk suna da nasu tasirin, kuma har yanzu ana muhawara kan girman tasirin fim.

Tsarin alamomin Amurka ya fara aiki a watan Nuwamba na 1968. A 1984 fim ɗin Indiana Jones and the Temple of Doom ya fito da alamar PG, wadda ba ta hana yaro shiga silima. A cikinsa an nuna ana ciro zuciyar mutum daga ƙirjinsa yana raye. Iyaye suka koka, kuma a wannan shekarar aka ƙirƙiro PG-13 don gargaɗi game da yara 'yan ƙasa da shekara 13. A Nijeriya an kafa hukumar tace fina-finai ta ƙasa a 1993, jihar Kano kuma ta kafa tata a 2001.

A gidan silima akwai mai tsaron ƙofa da zai iya mai da yaro gida. Wayar hannu ba ta da shi, don haka nauyin ya koma kan iyaye da malamai da ɗalibin kansa. Yana da kyau malami ya sa ɗalibai su zaɓi fim ɗaya da suka kalla, su faɗi alamarsa, su kuma tattauna abin da ya sami mai duka a ƙarshen labarin, da abin da ƙaninsu ɗan shekara biyar zai koya daga ciki.