Gwajin Jini Kafin Shan Maganin Ƙwayoyin Cuta

A Runjin Sambo da sauran unguwannin Sakkwato, akan ga mai zazzaɓi ko tari ya nufi kemis ya sayi kafso ba tare da ganin likita ba. Sau da yawa kafson nan antibayotik ne, watau maganin bakteriya. Ba ya kashe bairos, wadda ita ce ke haddasa mura da yawancin tari. Shan sa barkatai yana sa bakteriya su riƙa bijire wa magani. Masana sun ƙiyasta cewa a shekarar 2019 irin waɗannan bakteriya sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, ɓarnar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma.

Ta yaya likita zai san wanda yake bukatar maganin? Jini yana ɗauke da alamomin da za a iya aunawa.

Alama ta farko furotin ce da hanta ke haɗawa, ana kiran ta CRP. Tillett da Francis ne suka gano ta a Amurka a 1930. Takan ƙaru cikin sa'o'i kaɗan da kamuwa da cuta, kuma ɗigon jinin yatsa ya isa a auna ta. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa a Biyetnam gwajin ya rage shan antibayotik tsakanin masu ciwon hanyoyin numfashi daga kashi 78 zuwa 64 cikin ɗari.

Ta biyu ita ce furokalsitonin, wadda masana a Faransa suka bayyana amfaninta a 1993. Takan yi yawa idan bakteriya ce ta kama jiki, ba ta cika ƙaruwa da bairos ba. Idan ta ragu da kashi 80 cikin ɗari ga majinyacin da ke kwance, likita yana iya tsayar da maganin.

Sai dai a ƙasar Sakkwato akwai abin lura. Zazzaɓin cizon sauro, wanda yake yawaita da damina, yana ɗaga alamomin biyu ko da babu bakteriya. Saboda haka wajibi ne a fara da gwajinsa, sannan likita ya haɗa sakamakon da abin da ya gani a jikin majinyaci kafin ya rubuta magani.